Filin lodin jirgi a kan katako: me za ka fara saya idan a Gombe kake?

Dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya shigo Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Ta kansa audugar da aka gurje a BCGA, kamfanin auduga na Turawan Ingila, ta riƙa fita, da gyaɗa, daga baya kuma simintin Ashaka. Ni dai abin da ya zauna mini a ka tun ina yaro ba jirgin fasinja ba ne. Filin lodi ne, inda kan jirgi zai turo tarago a hankali, ya saki, ya ja da baya, ya sauya layi, ya ɗauko wani, ƙarafa na ta gwaruwa. Shi na so in mayar ƙarami a kan katako a ɗakina, da sautinsa da komai, kuma sai da na yi asarar kuɗi kafin na gane inda ya kamata a fara zuba su.

Filin lodi ba wurin gudu ba ne, kuma daga nan duk sauran shawara take tasowa. Ƙaramin jirgin da ke sheƙa gudu, ko wuta ta yanke masa na ƙiftawar ido, ƙarfin gudun zai tsallakar da shi. Mai tafiyar hawainiya kuwa nan take zai cije, sautin ya mutu, sannan ya sake tayar da inji daga farko kamar wanda aka tasa daga barci. A garin da hunturu ke shimfiɗa ƙura a kan komai cikin wuni ɗaya, wannan shi ne babban abokin gabarka. Saboda haka duk abin da za ka saya, tambayi kanka: zai taimaka wuta ta isa ƙafar jirgin ba yankewa, ko kuwa ado ne kawai?

Maganar girma ba ta da tsawo. Akwai N, wanda a yawancin ƙasashe kashi 1 ne cikin 160 na jirgin gaske, tazarar dogonsa milimita 9. Akwai HO, 1 cikin 87, da OO na Ingila, 1 cikin 76, su biyun a kan dogo ɗaya suke tafiya mai tazarar milimita 16.5. N yana da ban sha'awa ga mai ƙaramin ɗaki, amma ba shi da nauyin da zai danne ƙura, kuma cusa sifika a cikinsa aikin mai gyaran agogo ne. Ni ba zan ba ɗan Gombe shawararsa ba. Tsakanin HO da OO kuwa, duba irin jirgin da kake so. Kamfanonin nan jiragen ƙasashensu suke ƙerawa, amma da yake da yawa daga injinan dizal ɗin da suka yi aiki a dogon Najeriya daga Amurka da Kanada aka sayo su, HO na Amurka ya fi kama da abin da idonmu ya saba gani, musamman idan ka sake masa fenti. Mai son ƙwaƙƙwafi zai tuna maka cewa tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, ya fi na Turai matsewa, don haka ainihin daidai shi ne 1 cikin 64 a kan dogon 16.5. Gaskiya ne, sai dai wannan hanya ce ta wanda zai ƙera taragunsa da hannunsa.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce, don kayan gwanjo suna ruɗi. Jiragen HO na Märklin, kamfanin Jamus, suna ɗaukar wuta ne daga wasu ƙusoshi a tsakiyar dogo, ba sa tafiya a kan dogon sauran kamfanoni. Ko araha ta kai ina, bar shi, in ba duka kayanka nasu za su kasance ba.

Tsarin sarrafawar da ake kira DCC ya samo asali ne daga kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990. A tsohon tsari, ƙara wuta a dogo shi ne ƙara gudu, rage ta shi ne rage gudu, ka ga ke nan a lokacin da jirgi ke tafiya a hankali, lokacin ne wutar ta fi rauni. A DCC kuwa dogon cike yake da wuta kullum, wajen bolt 14 zuwa 16 a HO, umarni kuma yana bi ta cikin wutar. Kowane kan jirgi yana da ɗan dikodansa da lambarsa, kamar dai dikodan tauraron ɗan'adam da ke falonka, sai an kira lambarsa yake amsawa. Sabo fil daga kamfani lamba 3 yake zuwa da ita. Amfanin ƙa'ida ɗaya shi ne, akwatin ba da umarni na wannan kamfani zai tuƙa dikodan wancan.

To, wane akwati? NCE Power Cab na Amurka a hannu ake riƙe shi kamar babban rimot, yana ba da wajen amp 2, yana da maɓallai da ɗan ƙarfen murzawa da babban yatsa. Digitrax Zephyr Express a kan tebur yake zama, amp 3 ne, da hannun tuƙi da na birki. Roco, na Austriya, yana da Z21 da ake tuƙawa da wayar hannu, amma ka lura: farin da ake kira z21 start, wanda ke zuwa cikin kwalin masu farawa, ba ya magana da waya sai ka sayi lambar buɗewa daban. Mutane da yawa sai bayan kaya sun iso suke sanin haka. Hornby kuma ya fito da HM7000 a 2023, dikoda ce da waya ke yi wa magana kai tsaye ta Bluetooth, ba ka buƙatar akwati, wuta kawai za ka ba dogon, sautukan ma ta manhajarsu ake sauke su. Ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta jin sauti, sai dai yawancin sautukan na jiragen Ingila ne.

Akwai na biyar, wanda nake ganin ya fi dacewa da aljihun yawancinmu. DCC-EX manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a kan Arduino Mega, a goya masa allon tuƙa mota da na Wi-Fi, a tuƙa da manhajar Engine Driver a wayar Android. Arduino ba baƙo ba ne a nan, ɗaliban injiniya da shi suke aikin kammala karatu, kuma in ya ƙone kana iya samun wani a cikin ƙasa ba sai ka jira wani ya dawo daga waje ba. Illarsa, yana son mai haƙurin zama da kwamfuta. Wanda jininsa bai haɗu da waya da dalma ba, ya ɗauki Power Cab ya huta. Ni Power Cab ɗin na fi so a aikin jera taragu, saboda idonka yana kan mahaɗin tarago, yatsanka kuma yana jin maɓalli ba sai ka kalla ba. Gilashin waya sai ka sunkuya ka duba, kafin ka ɗago ka riga ka daki tarago. Amp 2 kuma ya ishi filin lodi mai kan jirgi biyu ko uku, kada wani ya ruɗe ka da amp 5.

Kowanne ka zaɓa, juya abin jona wutarsa ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In ba ka ga an rubuta 100 zuwa 240 ba, kada ka jona. Na taɓa sayen wani na hannu daga wani mutum a intanet, ɗoki ya hana ni dubawa, ina sakawa a soket sai ji na yi fat, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Laifin kuwa nawa ne, rubutun na nan ɓaro-ɓaro. Tun daga ranar, a kan inbata nake jona kayan, ban yarda da wutar janareta ko wadda NEPA ta dawo da ita da ƙarfi ba. In an ɗauke wuta ina cikin wasa, abin da na fara yi shi ne zare soket.

Dikodan sauti shi ne inda kuɗi ke tafiya. Manyan su ne LokSound 5 na ESU a Jamus, da Zimo na Austriya, da Tsunami2 na SoundTraxx a Amurka. Irin waɗannan a Ingila sukan kai fam 100 ko su haura, ninkin-ba-ninkin na maras sauti. A wurin tafiya a hankali ESU da Zimo sun yi suna, don suna jin nauyin da motar ke ja suna gyara mata wuta, har ka ga jirgi na rarrafe ba tsayawa. Shawarata, kan jirginka na farko ka saye shi da sautinsa tun daga kamfani. In kuwa daban za ka sayi dikodan, sai ka san irin bakin da ke cikin jirgin: akwai mai ƙafa 8, mai ƙafa 21, Next18 da PluX22, kuma wani ba ya shiga gurbin wani. Rubutun DCC Ready a kwali nufinsa akwai gurbi kawai, babu dikoda a ciki.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne ɗan rumbun wutar nan, kafasito ɗin da ake liƙa wa dikoda ya riƙe shi na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan dogo ya yi datti. ESU na kiran nasa PowerPack. A Turai ana iya ce masa ƙari ne, a Gombe wajibi ne. Haka kuma zaɓi kan jirgi mai ƙafa takwas da duka suke ɗaukar wuta, ya fi gajere mai ƙafa huɗu ko shida, duk da cewa gajeren ya fi kama da na filin lodi. Da na zo liƙa nawa rumbun wutar, wajen wani mai gyaran waya na kai a kasuwa, don hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Ya jujjuya dikodan ya ce, "Oga, wannan duk na abin wasan yara ne?" Na faɗa masa kuɗinsa, sai ya gyara zama, ya sauya bakin ƙarfen liƙinsa zuwa mafi siriri. Shi ne ma ya ciro mini sifikar tsohuwar waya mai ohm 8, da muka rufe bayanta ruf da ɗan akwati, ƙarar ta fi ta wadda ta zo da jirgin kauri. Sifikar da bayanta ke buɗe kamar sauro take kuka, komai tsadarta.

Sai dogo da mararrabarsa. Peco na Ingila shi aka fi samu. Code 100 tsayin ƙarfensa kashi 100 ne cikin 1,000 na inci, Code 75 ya fi shi gajarta da kyan gani, amma tsofaffin taragu masu zurfin baki a ƙafa suna tuntuɓe a kansa. Mai niyyar tara na gwanjo ya tsaya a 100. A mararraba, wurin da ya kamata ka zuba ido shi ne tsinin nan inda dogo biyu suka haɗu kamar bakin almakashi. A mararrabar Peco da ake kira Insulfrog, tsinin roba ce, babu wuta, jonawa kawai za ka yi, amma a nan ne jirgi mai tafiya a hankali ke mutuwa. A Electrofrog ƙarfe ne mai wuta, yana buƙatar ƙarin waya da makunnin da zai juya masa wuta duk lokacin da ka sauya layi, da mahaɗan roba a bayansa. Unifrog tsakiya ne, ana iya aiki da shi haka nan, a ba tsinin wuta daga baya. Wahalar yamma ɗaya ce, ka yi ta. Motar sauya layi kuwa, irin su Tortoise ko Cobalt, na iya jira. Mararraba biyu da ke gaban hancinka, yatsa ko sandar waya ta ƙarƙashin katako ya ishe su.

Na ce biyu don tsarin da nake ba mai farawa shawara ke nan, wanda ake kira Inglenook: layi uku, ɗaya na cin tarago 5, biyu na cin 3 kowanne, sai layin ja-da-baya da ke ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Taragu 8 ne duka, a zaɓi 5 a ce ka jera su bi da bi, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Da gajerun taragun OO yana shiga katako mai tsawon ƙafa 4, da na Amurka masu tsawo sai ka ba shi 6 ko fiye. Ka ga ba sai ka sayi tarago talatin ba. Kuɗin ka sa su a mahaɗan tarago na kamfanin Kadee, waɗanda maganaɗisun da ke ƙarƙashin dogo ke buɗewa ba tare da ka sa hannu ba. Masu lamba 17 zuwa 20 suna shiga aljihun mahaɗi mai suna NEM da ke jikin yawancin sababbin taragun Turai.

Sauran kayan duk a gari suke. Filawud mai kauri, kafinta ya yi masa firam, a shafe shi da maganin gara ciki da waje. Wayoyi biyu masu kauri su bi ƙarƙashi, kowane yankin dogo a saukar masa da tasa wayar, kada ka dogara da mahaɗan ƙarfe. In a sanyin Disamba ka shimfiɗa dogon, bar 'yar tazara a mahaɗa, don zafin Maris da Afrilu zai miƙar da ƙarfen ya gantsare. Kafintan nan kuma ya yi maka murfi, ya fi zane, wanda ke fizgo ƙananan kaya in za ka yaye shi. Goge dogo da tsumma da sifirit, ban da sanfefa, don karcen da take bari shi ke tara datti.

Da na gama nawa na kira wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zo ya gani. Na tayar da inji, na busa ƙaho, na turo jirgi ya ɗauki tarago ya tsaya cak. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, kukan ya yi. Amma wa ya ce maka jirgi na tsayawa kamar keke? Da a zamaninmu ne, yau da ka karɓi takardar gargaɗi." Na ce, "Baba, a gyara mini." A cikin dikoda akwai gurabe biyu na wannan aiki, CV3 na jinkirin tashi, CV4 na jinkirin tsayawa. Na riƙa ƙara lambar yana girgiza kai, ina ƙarawa, har sai da injin ya fara yin gurnani na ɗan lokaci kafin ƙafa ta motsa, in na rage wuta kuma ya ci gaba da gangarawa kusan tsawon tarago biyu yana kukan birki. A nan ya ɗaga hannu, ya ce in miƙo masa rimot ɗin.