Kafin ka sauke manhajar kwantar da hankali a wayarka

Da zarar jarrabawa ta matso a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sai ka ga ɗalibai na neman abin da zai sauke musu nauyin kai kafin barci. Manhajojin wannan harka sun yi yawa a Play Store, kuma yawan taurari kaɗai ba zai nuna maka wadda ta dace da wayarka da aljihunka ba.

Calm da Headspace su suka fi suna. Murya ce ke koya maka jan numfashi da tattara hankali, da Turanci, kuma yawancin darussan a kulle suke sai ka biya kuɗin wata ko na shekara. Kwanakin gwaji na kyauta ma tarko ne ga mai mantuwa, don in ba ka soke ba za a cire kuɗi daga katinka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Headspace, Andy Puddicombe, ya taɓa zaman zuhudu a addinin Buddha. Darussan ba wa'azi ba ne, amma gara mutum ya san tushen abin da yake saurare. Insight Timer na da dubban darussa kyauta, sai dai tana shan data. Medito kuwa wata gidauniya ce da ba ta neman riba ta yi ta, babu talla, babu biya. Ga ɗalibi, ita zan fara gwadawa.

Ni dai wasannin waya sun fi burge ni, domin ba sa buƙatar ka iya Turanci. Alto's Adventure ya fito a 2015, wasan sulu ne a kan ƙanƙara, ana tara maki, in ka faɗi ka koma farko. A 2016 masu shi suka ƙara wani sashe mai suna Zen Mode: aka cire maki da tara kuɗi, in ka faɗi sai ka tashi ka ci gaba daga nan. Gyara ɗaya ya mayar da wasan gasa abin hutawa. Yana aiki ba intanet, mai ƙin kiɗa kuma zai iya kashe sauti. A Android kyauta ne, amma da talla. Forest daban take: ka shuka bishiya ka ajiye wayar, in ka koma Facebook ta bushe. Ta fi amfani ga mai karatu.

Abin da ya kamata ka duba sosai shi ne ko masu manhajar na jin koken jama'a. Buɗe shafinta, duba ranar da aka sabunta ta da abin da suka ce sun gyara. Sannan ka karanta sharhin masu tauraro ɗaya da biyu, ka fara da sababbi. Play Store na ba ka damar ware sharhin masu irin wayarka, abin da ke da muhimmanci ga mai ƙaramar Tecno ko itel. In mutane sun shekara suna kukan wayarsu na zafi ko talla na faɗowa da ƙara a tsakiyar darasi, amsar kuma kullum ita ce "mun gode", to wuce.

Ba kowace sabuntawa ce alheri ba, wata ƙarin talla da nauyi take kawowa. Saita wayarka kada ta sabunta da kanta, ka jira kwana biyu ka ga abin da waɗanda suka riga ka suke cewa.