Otal ɗin Star Wars na Disney: Hidimar da Aka Rufe da Rigimar da Masoyanta Suka Ƙi Bari ta Mutu

Ranar 1 ga Maris, 2022, kamfanin Disney ya buɗe wani masauki a katafaren dandalinsa na shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, ya sa masa suna Star Wars: Galactic Starcruiser, bisa labarin finafinan yaƙin sararin samaniya na Star Wars. Ranar 30 ga Satumba, 2023, baƙi na ƙarshe suka fito aka ja ƙofa aka rufe, wato wata goma sha tara kacal ya yi yana aiki. Na bi labarin wannan wuri tun lokacin da aka fara tallarsa, kuma abin da ya sa nake ganin har yanzu ya cancanci bita shi ne, bayan an rufe shi gardamar da ke kansa ba ta lafa ba, sai ma ƙara zafi da ta yi tsakanin masu cewa an cuci jama'a da masu rantsuwa cewa ba su taɓa kashe kuɗi suka ji daɗi irin haka ba.

Duk da cewa otal ake kiransa, abin da Disney ya sayar ya fi kama da wasan kwaikwayo na kwana biyu wanda ɗan kallo yake kwana a cikinsa. Ginin yana nan daram a ƙasa, amma an tsara cikinsa kamar jirgin sararin samaniya na fasinja mai suna Halcyon. Baƙo zai iso da rana, a saka shi cikin wani ɗan ɗaki mai kama da na'urar hawa bene, a nuna masa a allo cewa ana cilla shi sama, ƙofa ta buɗe ya tsinci kansa a babban zauren jirgin. Daga nan har safiyar kwana na uku, ma'aikata ba sa yi masa magana sai a matsayin fasinja. Akwai kyaftin, akwai mawaƙiya mai suna Gaya, akwai wani hafsan sojan azzalumai mai suna Laftanar Croy da ke shigowa jirgin da dakarunsa yana farautar 'yan tawaye, kuma kowane baƙo yana da damar zaɓar ɓangaren da zai mara wa baya. A daren ƙarshe labarin yakan kai ƙarshe da faɗan takubban haske tsakanin Rey, jarumar finafinan, da abokin gabarta Kylo Ren a gaban kowa. Ɗakunan kwana guda 100 ne a ginin gaba ɗaya.

Farashin shi ne mafarin rigimar. Misalin da kamfanin ya fitar da kansa ya nuna mutum biyu za su biya dala 4,809 a kwana biyu, mutum huɗu kuma dala 5,999, kuma wannan a ranakun da suka fi sauƙi ke nan. Idan aka raba, kowane mutum cikin biyun yana biyan sama da dala 1,200 a kowane dare. Kuɗin ya haɗa da abinci, ban da barasa, da kuma tikitin shiga Galaxy's Edge, sashen Star Wars na dandalin Hollywood Studios na Disney, a kwana na biyu. Duk wanda ya biya irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya sa ran alfarma, kuma a nan ne masaukin ya fara ba da kunya. Ɗakin da akasarin baƙi ke samu ƙarami ne, da gado ɗaya na mutum biyu da gadaje masu hawa biyu da aka cusa a jikin bango. Babu taga ko ɗaya ta gaske, sai allo da ke nuna taurari da duniyoyi. Babu wurin iyo, wanda ko otal mai matsakaicin farashi a Fulorida ba ya rasawa. Wanda ya gaji da zaman cikin gini yana son shan iska, sai ya je wani ɗan fili mai tsirrai da duwatsu da aka bar samansa a buɗe, wanda a cikin labarin ake cewa na'urar kwaikwayon yanayi ce. Ko tafiyar da ake yi zuwa Galaxy's Edge, a bayan wata babbar mota mai akwati da aka ƙawata cikinta ake yin ta.

Wani zai ce ai haka jirgin sararin samaniya ya kamata ya kasance, matsattse kuma babu taga. Na yarda da hakan ta fuskar labari, amma ban yarda da shi ta fuskar ciniki ba. Idan labari ya tilasta a rage jin daɗin ɗaki, to kamata ya yi ragin ya bayyana a farashi, ko kuwa a biya baƙo diyyarsa ta wani ɓangaren da babu wanda zai yi ƙorafi a kai.

Ɓangaren da ya kamata ya biya wannan diyya shi ne wasan kansa, kuma a nan ne ra'ayoyi suka rabu gida biyu. Rabin wasan yana hannun 'yan wasa masu rai da ke yawo cikin jama'a, sauran rabin kuma yana cikin wata manhaja da baƙo ke saukewa a wayarsa. Ta manhajar ne jaruman labarin ke aiko masa da saƙonni, su ba shi aiki, su gayyace shi ganawar sirri a ɗakin injin ko ɗakin kaya. Idan manhajar ta yi aiki yadda ya kamata, mutum zai ji kamar da shi ake juya labarin. Idan kuwa ta cije, zai wuni yana ɗaukar hoton alamomi a jikin akwatuna da wayarsa, yana ganin wasu ana kiransu ɗakunan da shi ba a bari ya shiga ba. Manyan 'yan wasan ba su da yawa, baƙi kuwa ɗaruruwa ne a kowace tafiya, saboda haka mai baki da ƙarfin hali shi yake samun rabo mai tsoka, mai kunya kuma ya koma gefe yana kallo, alhali kuɗi ɗaya suka biya.

A watan Mayun 2024, wata sananniyar mai sharhi a YouTube, Jenny Nicholson, ta saki bidiyo na sa'o'i huɗu a kan zamanta a wurin, kuma miliyoyin mutane suka kalle shi. Ni sai da na raba shi dare biyu kafin na gama. Ta biya sama da dala 6,000 ita da abokiyar tafiyarta, ta nuna ƙanƙantar ɗakin, ta nuna yadda manhajar ta ƙi saka ta cikin labarin da ta zaɓa duk da ƙoƙarin da ta yi. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne wurin cin abincin dare: an zaunar da ita a teburin da wani ginshiƙi ya tokare tsakaninta da dandamalin da Gaya ke waƙa, ta yadda sai ta leƙa ta gefe kafin ta ga wasan da ta biya kuɗi don ta gani. Wannan ginshiƙi ya zama abin magana a ko'ina, domin ba ya buƙatar dogon bayani. Wani ne ya zana ɗakin, ya ga ginshiƙin, ya ajiye tebur a bayansa, kuma aka karɓi cikakken kuɗi daga wanda zai zauna a wurin.

Martanin masoya wurin shi ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma ba na so a yi musu kuɗin goro, domin ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma su nasu zaman ya yi kyau, kuma ba su ga dalilin da zai sa gaskiyarta ta goge tasu ba. Waɗannan ba ni da ja da su. Akwai masu cewa ta je ne a farkon buɗewa, kafin a gyara matsalolin manhajar. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, sai dai baƙin farko ba a rage musu ko sisi ba don suna gwajin abin da bai nuna ba. Sannan akwai rukunin da ya fi ɗaga murya, masu cewa laifinta ne, ba ta iya wasan ba, ba ta kutsa cikin 'yan wasa ba, ba ta yi binciken da ya kamata kafin ta je ba. Da wannan rukuni nake da babban saɓani, domin a ganina maganarsu ta fi bidiyon kansa tona asirin hidimar. Idan sai mutum ya yi makonni yana karatu a zaurukan masoya, ya haddace wanda zai tara da lokacin da zai tare shi, kafin ya more abin da ya biya dubban daloli a kansa, to an sayar masa da kaya ba tare da an gama haɗa su ba. Aikin mai masauki ne ya lura da baƙon da aka bari a baya ya jawo shi ciki.

Tun kafin bidiyon, abin da masoya ke kare wurin da shi shi ne gani ya kori ji: wanda bai je ba, ya yi shiru. Suna da gaskiya a wani ɓangare, domin an yi wa masaukin ba'a mai yawa tun kafin a buɗe shi, har sai da Disney ya janye wani bidiyon talla a ƙarshen 2021 saboda dariyar da aka yi masa, kuma da yawa daga masu ba'ar ba su san abin da ake yi a ciki ba. Amma wannan garkuwa ba ta tare sukar wadda ta je da ƙafarta, ta biya da aljihunta, wadda kuma kowa ya san masoyiyar irin waɗannan wurare ce, har ta taɓa aiki a Disneyland, dandalin Disney da ke Kalifoniya. Da hujjar ta ƙare, sai wasu suka koma ga iya kuɗinka iya shagalinka, wato wanda ya ga tsada ai ba dominsa aka gina ba. Wannan magana ce mai ciwo ga iyalan da suka yi shekaru suna tara kuɗi domin su kai 'ya'yansu dandalin Disney sau ɗaya a rayuwa, kuma ita kanta kasuwa ta ƙaryata ta, tunda ɗakuna 100 kawai ake son cikawa amma sai da kamfanin ya koma yin rangwame yana rage yawan tafiye-tafiye.

Duk da haka, zan yi rashin adalci idan na ce zafin da masoyan suka ji na banza ne. Na karanta labaran mutane da yawa da suka je, kuma abin da suke maimaitawa ba ɗaki ba ne, ba kuma jatan landen nan mai launin shuɗi da ake kawowa a liyafar dare na biyu ba. Suna magana ne a kan ɗan wasan da ya riƙe sunan yaronsu tun daren farko, ya kira shi da shi a gaban jama'a washegari, ya damƙa masa wani sirri ya ce ya kai wa kyaftin. Suna magana a kan baƙin da suka haɗu a teburi ɗaya ba su san juna ba, suka rabu suna kuka. Mutumin da ya ɗinka kayansa da hannunsa, ya ƙirƙiro wa kansa suna da tarihi, ya samu wurin da babu mai yi masa dariya, idan ya ji duniya na yi wa wurin tsiya, dole ya ji kamar da shi ake. Disney ya ce masaukin yana cikin abubuwan da baƙi suka fi yabawa a tarihin dandalin, ya kuma samu lambar yabo ta Thea da masu sana'ar ke bayarwa, kuma da aka sanar da rufewar a watan Mayun 2023, sauran tafiye-tafiyen sun cika cikin ɗan lokaci. A 2024 masoyan da kansu suka shirya taro a Orlando domin su sake haɗuwa. Ba a yi wa abin da ba shi da daraja irin wannan.

Inda nake ganin sun kuskure shi ne haɗa 'yan wasan da kamfanin a ma'auni ɗaya. 'Yan wasa da masu hidimar abinci da masu tsara labarin sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma su ne suka ɗauki nauyin wurin a kafaɗarsu. Wanda ya yanke farashi, ya amince da girman ɗakin, ya saki manhajar da ba ta gama nuna ba, wani ne daban, kuma shi sukar ta nufa. Masoyin da ya tsaya yana kare ginshiƙi domin yana ƙaunar mawaƙiyar da ke bayansa, ya kare wanda bai kamata ba. Hukuncina a kan hidimar shi ne wasan ya kai abin a yaba, masaukin bai kai rabin kuɗinsa ba, kuma ga baƙon da sa'a ba ta faɗa kansa ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ya kamata masoya su tuna cewa ƙorafin jama'a ya taɓa yi musu rana. A shekarun da aka gina wannan masauki ne Disney ya soke tsarin FastPass na kyauta, wanda ke ba mutum damar kauce wa dogon layi, ya maye gurbinsa a 2021 da Genie+ na kuɗi. Surutu ya yi yawa a intanet, kuma bayan Bob Iger ya dawo shugabancin kamfanin a Nuwamban 2022, an dawo da ajiye mota kyauta ga masu kwana a otal-otal ɗin dandalin a farkon 2023, shi kansa Iger ya amsa a bainar jama'a cewa sun ɗan wuce gona da iri wajen ƙarin farashi. Masu sukar da ake cewa ba sa ƙaunar wurin ne suka jawo wannan sassauci, kuma masu karewar ma sun amfana da shi.

Rufe Galactic Starcruiser ya sa kamfanin ya shafe kimanin dala miliyan 250 daga littafin kadarorinsa. Ginin yana nan a bayan Hollywood Studios, kuma a farkon 2025 aka tabbatar cewa za a mayar da shi ofisoshin ma'aikatan Disney masu tsara sababbin gine-ginen dandalin.