Marubutan labaran kimiyya da almara, hattara da masu cewa za su mayar da littafinku fim

Idan ka taɓa ɗora littafinka a Amazon ko Wattpad, musamman labarin tafiya duniyar taurari ko na masarautar aljanu, kada ka yi mamaki in wata safiya ka tarar da imel daga wani mai cewa shi wakilin marubuta ne, ko ma'aikacin Netflix. Zai kira sunan jarumarka, ya yaba yadda ka gina birnin da labarin ya gudana a ciki. Kai kuwa ka shekara biyu kana kwana kan rubutun nan babu wanda ya ce maka sannu, dole zuciyarka ta narke. Sau da yawa manhajar AI ce ta tsara yabon daga ɗan bayanin da ke bayan littafin.

Sai a zo maganar kuɗi. Wai kafin kamfanin fim ya sa hannu, sai an mayar da littafin rubutun fim, kuma kai za ka biya. Ka biya, a ce saura kuɗin lauya. Ka biya wannan, a ce haraji. Fim ɗin kuwa babu shi babu dalilinsa.

A watan Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta sanar da tuhumar mutum uku masu alaƙa da PageTurner Press and Media, kamfanin da aka yi wa rajista a Kalifoniya amma masu kiran wayarsa suna Filifin. Zargin shi ne sun karɓe kusan dala miliyan 44 daga marubuta fiye da 800, yawancinsu tsofaffi, da irin wannan alkawari. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, dattijon da ya rubuta littafi ɗaya tak a rayuwarsa a kwashe masa kuɗin fanshonsa.

Ƙungiyar marubutan kimiyya da almara, SFWA, ta daɗe tana wannan yaƙi. Ƙarƙashinta Victoria Strauss da marigayiya A.C. Crispin suka kafa Writer Beware, shafin gargaɗin marubuta, a 1998, suna bankaɗo 'yan damfara. Marubucin labaran kimiyya James D. Macdonald ne kuma ya kafa ƙa'idar nan cewa kuɗi wajen marubuci yake tafiya. Wakili na gaskiya sai ya sayar da littafinka sannan ya cire kasonsa, yawanci kashi 15 cikin ɗari.

Don Allah, in saƙon ya zo, dubi adireshin da kyau. Gmail ne? An sauya harafi ɗaya a sunan kamfanin? Kada ka danna komai a ciki. Nemo shafin kamfanin da kanka ka tambaye su ko sun san mutumin, sannan ka tura wa Writer Beware saƙon, ba sa karɓar ko sisi.