Kafin ka biya kuɗin dashen turmin sama, ka nemi ganin cikin kogon kuncinka

Wanda ya rasa turmi ɗaya ko biyu a sama, ya gaji da tauna nama da gefe guda, wata rana sai ya ji labarin dashen haƙori: a kafa kusar titaniyom a ƙashin muƙamuƙi, bayan wasu watanni a ɗora mata haƙori. Abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne "nawa?" Ni da zai ji ta tawa, kafin maganar kuɗi sai ya tambayi abin da ke saman giɓin.

A cikin ƙashin kunci, dama da hagun hanci, akwai kogo mai iska. Shi ne ke cika ya yi nauyi in mura ta kama mutum da hunturu, har ya ji haƙoran sama na zogi in ya sunkuya. Ƙasan kogon yana zaune ne a kan saiwoyin turame, kuma an lulluɓe cikinsa da tantani mai kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka. In aka cire haƙori aka bar giɓi shekara da shekaru, ƙashin wurin sai ya zaizaye, kogon kuma ya faɗaɗa ya sauko. Ƙashin da ya rage yana iya zama milimita 3 ko 4 kacal, alhali kusar da aka saba kafawa takan kai milimita 10.

Kogon nan ba kullum yake fili fetal ba. A wajen ɗaya cikin kowane kogo uku zuwa huɗu akan tarar da wata siririyar katangar ƙashi ta taso daga ƙasa ta raba shi gida biyu, kamar dangar da ke raba tsakar gida. Arthur Underwood, masani a King's College da ke Landan, shi ya bayyana ta dalla-dalla a 1910, har yau kuma da sunansa likitocin haƙori ke kiranta. Wata tun girman ƙashi take nan, wata kuma bayan faɗuwar haƙora take fitowa, saboda ƙasan kogon ba ya sauka bai ɗaya. Ba cuta ba ce. Mutum na iya tsufa da ita bai sani ba. Sai ranar da za a taɓa kogon take zama magana.

Abin da za ka fara saye shi ne hoto, kuma iri biyu ne. Akwai dogon hoton nan da ke nuna haƙora duka a shafi ɗaya, daga kunne zuwa kunne. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin samu, ya kuma isa a ga ruɓa da saiwa. Sai dai a shimfiɗe yake, inuwar wani ƙashi na hawa kan wani. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna yana kuskure kan katangar a kusan kashi 29 cikin 100, ko dai ya ɓoye wadda ke nan ko ya nuna wadda babu. Na biyun shi ne CBCT, mai yanka kai sala-sala a kwamfuta, a auna tsayin ƙashi da faɗinsa, a ga inda katangar ta tsaya da inda ta fuskanta. Ya fi tsada, hasken X-ray da yake sakar wa jiki ya fi yawa, kuma ƙila sai ka yi tafiya zuwa wani gari. Duk da haka, in za a ɗaga ƙasan kogonka don a samar wa kusar wurin zama, ban ga dalilin tsumulmula a nan ba. Mai juna biyu ta faɗa wa likita kafin kowane hoto.

In hoton ya nuna ƙashi bai kai milimita 5 ba, abin da aka fi ba da shawara shi ne aiki ta gefe. Hilt Tatum ya fara shi a Amurka cikin shekarun 1970, Boyne da James suka wallafa bayaninsa a 1980. Likita zai ɗaga dasashi, ya buɗe 'yar taga a bangon ƙashi, ya ɓamɓare tantanin a hankali ya tura shi sama, ya cika gurbin da garin ƙashi. Sai a jira wata 6 zuwa 9 ya haɗe. A nan katangar ke nuna halinta. Tantanin yana manne da kaifinta ƙam, kuma nan ya fi yagewa. Ƙaramar yaga ana toshe ta a ci gaba. Babba kuwa takan sa a rufe wurin a dawo bayan watanni, domin in garin ƙashi ya zube cikin kogo yana iya jawo kumburi da mugunya. Likitan da ya ga katangar tun a hoto yana da dabaru: ya buɗe taga biyu, ɗaya gabanta ɗaya bayanta, ko ya sassabe ta in gajeriya ce, ko ya yi aiki da na'urar da ke yanka ƙashi da karkarwa ba ta cika taɓa tantani ba. Wanda bai gan ta ba sai ya buɗe ya ci karo da ita. Yawancin katangun daga kunci suke ratsawa zuwa ganɗa. Mai tafiya daga gaba zuwa baya ba ta da yawa, amma ta fi wuyar sha'ani.

Akwai tambayar da ban cika jin ana yi ba, kuma ta shafi mai kiyaye addininsa: garin ƙashin da abin toshe yagar daga ina suke? Garin yana iya zama na jikinka, ko na saniya, ko na haɗin masana'anta, akwai kuma na alade. Garin da ake kira Bio-Oss na saniya ne. Bio-Gide, shimfiɗar da ake rufe taga da ita a asibitoci da yawa, daga alade ake samunta. Ka tambaya tun kafin ranar aiki, akwai madadi.

In ƙashin ya kai milimita 5 ko 6, ana iya bi ta ramin da za a kafa kusar, a tura ƙasan kogon sama da milimita 2 zuwa 4. Robert Summers ya bayyana wannan hanya a 1994. Ciwo da kumburi kaɗan ne, kuɗi ma da sauƙi, kuma galibi a ranar ake kafa kusar. Aibinta likita ba ya ganin tantanin. In katanga ta tsaya daidai saman ramin, ƙasan ba zai ɗagu yadda ake so ba. Wani lokaci kuma alheri ce, don gindinta ƙashi ne mai kauri, gwani na iya saita kusar ta kama shi.

Zaɓin da nake so a riƙa faɗa wa mutane tun farko shi ne gajeriyar kusa mai milimita 6. In ƙashinka ya ɗauke ta tsayi da faɗi, ba ruwanka da kogo, balle katanga. Gwaje-gwajen da suka bi marasa lafiya na shekaru sun nuna tana daɗewa kusan daidai da doguwar da aka yi wa cikon garin ƙashi, da ƙarancin matsala. Mai cizon haƙora cikin barci dai ya faɗa wa likita. Ana kuma iya karkata kusa ta bi gaban kogon. Doguwar da ke zarcewa har ƙashin kumatu, mai milimita 30 zuwa sama da 50, ta wanda ya rasa haƙoran sama da ƙashinsu ce, kuma aikin ƙwararru ne 'yan kaɗan.

Ba dole sai dashe ba. In akwai lafiyayyen haƙori gaba da bayan giɓin, ana feƙe su a ɗora gada, cikin 'yan makonni an gama, amma an taɓa haƙora biyu da ba su yi laifin komai ba. Haƙoran roba na cirewa sun fi komai araha, ga mai ciwon suga da bai daidaita ba ko mai shan taba sosai sukan fi zama lafiya, domin waɗannan biyun na hana ciko kamawa.

In ka zaɓi a ɗaga kogon, kada ka yarda a yi kana cikin mura ko toshewar hanci. A bari ta warke. Bayan aiki za a hana ka fyace hanci kamar mako biyu, atishawa ma da baki buɗe. Wannan ya shafi alwala kai tsaye, don haka ka tambayi likita yadda za ka yi da shaƙa ruwa da fyacewa, ka kai amsarsa wurin malaminka kafin ranar aikin.