Rakodar CD ta falo ko kwamfuta: wacce za ta fi kwashe kaset ɗin Baba?

Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya ce ya ga wata rakodar CD 'yar Beljiyam a kasuwar Sabon Gari, irin wadda ake jerawa a falo tare da amfilifaya da na'urar kaset. Yana so ya kwashe wa mahaifinsa tsofaffin kaset na tafsirin azumi da waƙoƙin gargajiya zuwa faifai, tunda motar Baba CD kaɗai take ci, sannan shi ma ya riƙa haɗa waƙoƙin da yake so a faifai guda. Tambayarsa: ya saye ta, ko ya yi aikin da kwamfutar tafi-da-gidanka da yake da ita?

Malam, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni dai kwamfutar zan ce maka. Amma rakodar ba ta banza ba ce, kuma gara in fara da inda ta fi.

Sauƙin aiki nata ne. Ka jona igiyar nan mai kai ja da fari daga bayan na'urar kaset zuwa bayanta, ka murɗa maɓallin ƙarfin ɗauka har fitilun su daina taɓa ja, ka danna, shi ke nan. Ko Baba da kansa zai iya in an nuna masa sau ɗaya. Sautinta ma ya fi na kwamfuta in kwamfutar ita kaɗai ce, domin ramin da ke jikin yawancin tafi-da-gidanka na makirfo ne, yana haɗe sautin dama da na hagu ya mai da su ɗaya, ga ƙugi a kai. Sai ka sayi ɗan akwatin sauti na USB mai ramuka ja da fari, irin Behringer UCA202, kafin ta kamo rakodar. In kuma kwamfutarka cikin na yanzu ce da ba su da wurin sa faifai, akwai ƙarin kuɗin na'urar ƙona faifai ta waje. Ka lissafa waɗannan biyun kafin ka ce kwamfuta kyauta ce.

To, nan ne kirarin rakodar ya kusa ƙarewa.

Babbar matsalarta faifan da take ci. Waɗannan na'urori sun yi tashe ne daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Philips ya fito da CDR 870 a 1997, Pioneer da Sony da sauransu su ma suka cika kasuwa da nasu. Kafin nan, a 1992, Amurka ta yi wata doka kan ɗaukar sauti a gida, wadda ta ɗora wani kaso na kuɗi a kan na'urorin da faifansu domin a biya masu waƙa. Don haka aka ƙera rakodojin gida su karɓi faifai na musamman kawai, mai tambarin Digital Audio ko Music a jiki. Akwai wata alama da aka binne a cikin faifan tun daga masana'anta, ita na'urar ke dubawa. In ka sa mata faifan CD-R (wato faifan da ba komai a kai, wanda ake rubutawa) na gama-gari, wanda ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta na PZ da Samaru, za ta juya shi kaɗan ta ƙi ɗauka. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta. Mai shago na iya sa maka faifan waƙa ta rera tiryan-tiryan, ka biya ka kai gida, sannan ka gane abin da ka saya na'urar sauraro ce kurum, don faifan da za ta rubuta a kai ya yi wuya. Kwamfuta ba ruwanta, kowane CD-R ka ba ta za ta ƙona. Rakodojin da aka yi wa situdiyo, irin TASCAM CD-RW900, su ma suna cin faifan gama-gari. In irin wannan ce ka gani, maganar ta ɗan canza.

Sai wuta, kuma kai ka san halin da muke ciki. Rakodar tana ƙona faifan ne a daidai lokacin da kaset ke tafiya, minti da minti, kuma CD-R sau ɗaya ake rubuta shi. A ce kaset ya ci minti 40 aka ɗauke wuta kafin na'urar ta rubuta inda ta tsaya: galibi abin da aka ɗauka ya tafi, faifan ma sau da yawa ya bi shi. Janareto ba ya magance wannan, don ɗan ƙiftawar da ake yi wajen canja layi ta isa ta kashe aikin. Sai mai inbata. Ita kuwa kwamfuta batirinta zai riƙe ta. Na'urar kaset za ta tsaya, amma abin da ya shiga ya shiga, in wuta ta dawo ka ci gaba daga inda aka tsaya ka haɗe su. Ƙona faifan kansa 'yan mintoci ne a ƙarshe, kana iya yin sa da batir.

Yanzu ka buɗe kwalin Baba ka duba jikin kaset ɗin. Wanda aka rubuta wa 60 zai shiga faifai ɗaya, don faifan CD na ɗaukar minti 80 ne, tsofaffin ma 74. Amma wanda aka rubuta wa 90, kowane gefe minti 45 ne, ba zai shiga ba. A rakoda dole ka ba kowane gefe faifansa, kusan rabin kowanne ya tashi a banza, ko ka zauna da agogo ka katse malam a tsakiyar aya. A kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce, za ka ga sautin a shimfiɗe a allo, ka yanke shirun farko da na ƙarshe, ka cire sanarwar da aka yi kafin a fara karatu, ka raba daidai inda aka kai ƙarshen sura. Har shuuu ɗin nan na tsohon kaset kana iya ragewa, ko da yake kada ka matsa masa da yawa, muryar malam za ta koma kamar yana magana a cikin randa.

Rabon lambobi ma abin dubawa ne. Rakodar na da tsarin da in ta ji shiru na 'yan daƙiƙoƙi sai ta buɗe sabuwar lamba. A waƙa wannan na aiki wani lokaci. A tafsiri kuwa, tsakanin mai jan baƙi ya sauke aya da malam ya ɗauki fassara akwai shiru, malam ya tsaya shan ruwa akwai shiru, sai ka tarar ta yayyanka zama ɗaya gunduwa-gunduwa, alhali faifai ba ya wuce lamba 99. In kuma kaset ɗin mai yawan shuuu ne, ba za ta ji shirun ba sam, ta ba ka lamba ɗaya doguwa da Baba ba zai iya tsallakawa a mota ba. Mafita ita ce ka zauna kusa da ita kana danna maɓalli da hannu, kuma in ka danna a inda bai dace ba, ya zauna ke nan.

Batun haɗa naka zaɓin, nan ma kwamfuta ce gaba. Rakoda mai baki biyu, wato mai wurin sa faifai biyu, tana kwafe faifai zuwa faifai da sauri, wasu ninki biyu wasu ninki huɗu na saurin sauraro, kuma a wannan aikin kaɗai tana da daɗi. Sai dai akwai wani kulle a cikinta mai suna SCMS: za ta kwafi faifan asali, amma in ka ba ta kwafin da irinta ta yi, ba za ta sake kwafarsa kai tsaye ba, sai ta hanyar igiya ja da fari, a saurin sauraro. Kuma yawancin waƙoƙinka na yau ai ba a faifai suke ba, suna cikin waya da memori, daga wurin masu turi. A kwamfuta jawo su kawai za ka yi ka jera, ka saurara, ka sake jeri, sannan ka ƙona. Don kanka da gida nake nufi. Kwafa don sayarwa satar fasaha ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 na nan a kanta.

Ka kuma leƙa fuskar rediyon motar Baba. In akwai tambarin MP3, kwamfuta za ta iya zuba maka kusan sa'o'i 12 a faifai ɗaya mai 700 MB, abin da waccan rakodar ba ta san da shi ba. In babu tambarin, ka tabbata ka zaɓi faifan sauti wajen ƙonawa, kada ka zuba su a matsayin fayil, kuma ka rage saurin ƙonawar don tsohuwar rediyo ta iya karantawa. Ka guji CD-RW, wanda ake gogewa a sake: hasken da yake mayarwa kaɗan ne, tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ganinsa.

In duk da haka ranka na kan rakodar, wataƙila don kana da inbata kuma ba ka son zaman gaban allo, to kada ka biya sai ka gwada. Ka duba bayanta: in an rubuta 120V, ta Amurka ce, wutarmu 230V ce, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Ka je da faifanka sabo daga irin wanda za ka iya samu kullum a Zariya, ka sa a ɗauki ko minti biyar a gabanka. Na'urar da ta haura shekara 20 idonta mai haska faifai na iya karantawa amma ya kasa rubutawa, don rubutu ya fi cin ƙarfi, ga ƙurar hunturu da ta sha a shago. In ta ɗauka, a danna FINALIZE, wanda shi ke rufe faifan ya rubuta jerin lambobinsa, in ba a yi ba babu rediyon da za ta karanta shi. Sannan ka fita da faifan ka sa a mota ka ji.

Ko wacce ka ɗauka, kada faifan ya zama shi kaɗai ne ajiyarka. Rubutun CD-R a jikin wani siririn rini yake, zafi da rana na cinye shi, faifan da ke kwana a gaban gilashin mota a watan Afrilu ba ya daɗewa. Ka adana asalin ɗaukar a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda ke cin wajen 10 MB kowane minti, a kwamfuta da kuma filas daban. Kaset ɗin ma kada a zubar. Kafin ka fara, ka goge kan na'urar kaset da auduga da ɗan sipirit, ka zagaya kowane kaset gaba da baya sau ɗaya don zaren ya saki, kuma ka soma da waɗanda Baba ya fi tambaya.