Kayan alawar gida: sukari, mazarƙwaila ko zuma, kuma wace madara za ki saya?

Yawancin alawar da ke ɓaci a tukunya, tun a kasuwa ta ɓaci. Tuwon madara ya ƙi daskarewa, kantu ya yi danƙo ya manne da leda, gullisuwa ta tarwatse a cikin mai: in aka bi sawu, sai a tarar an sayo abin da bai dace da irin alawar da ake nufi ba. Don haka kafin ki shiga babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa, ko ki tsaya gaban mai awo da koro a Njamena, ki san me za ki yi tukuna, mai ƙaras-ƙaras ne ko mai laushi, sannan ki duba wane wata ake ciki. Abin da ya yi kyau a hunturu ba lalle ya kwana lafiya a watan Agusta ba.

Mu fara da farin sukari, tunda shi ne ginshiƙi. Asalin rake tsibirin Niyu Gini ne, amma a Indiya aka fara dafa ruwansa har ya zama ƙwaya, sunan ya biyo ta Farisa ya zo wa Larabawa a matsayin "sukkar", mu kuma muka ce sukari. A Kamaru kamfanin SOSUCAM ke yin sa a Mbandjock da Nkoteng, a Chadi kuma kamfanin CST a Banda, kusa da Sarh. Na buhu mai tsaba da na kwali mai ƙwaya-ƙwaya duk abu ɗaya ne a cikin tukunya. Na kwali an jiƙa shi ne an matse, kuɗin matsewar da na kwalin kike biya, ki bar wa masu shayi. Na buhu za ki saya, amma ki damƙa a hannu: in ya zube kamar yashi ya yi, in ya dunƙule ya sha danshi, awonki ba zai zo daidai ba. Wanda aka niƙa lilis don kwalliyar kek kuwa ana zuba masa ɗan sitaci don kada ya cure, sitacin nan yana gurɓata ruwan sukari, bai dace da dafawa ba.

Fifikon farin sukari shi ne yana jin magana. Zafin da ya kai shi ke nuna abin da zai zama in ya huce. Tsakanin digiri 112 da 116 na ma'aunin Salshiyas, in kika ɗiga shi a kofin ruwan sanyi zai dunƙule da laushi tsakanin yatsu, nan ne matakin tuwon madara. Tsakanin 149 da 154 ɗigon zai karye kamar gilashi, nan ne matakin kantu da alawar gyaɗa. Daga 160 ya fara ja, kuma tsakanin ja mai ƙamshi da baƙi mai ɗaci daƙiƙoƙi ne kawai, musamman a kan gawayi inda ba a rage wuta nan take. Aibinsa ɗaya: yakan koma gari. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen tukunya ta faɗo cikin ruwan da ya yi kauri ta isa ta ja sauran su koma tsaba. Maganinsa, ki juya har ya narke, da ya tafasa ki ɗauke cokali, ki matsa rabin ƙaramin cokali na lemun tsami a kowane kofin sukari. Tsamin yana raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, sai ya kasa haɗuwa. Wannan na kantu ne kawai. A tuwon madara kada ki sa, domin a can komawar sukarin 'yan ƙananan ƙwayoyi ita ce ke daskarar da shi, ga shi kuma tsami da madara ba sa ga maciji.

Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare ba tare da an cire baƙin ruwansa ba, shi ya sa take da ɗanɗanon da farin sukari ba shi da shi. A dakuwa ko nakiya babu kamarta. A kantu kuwa sai kin yarda da sakamakon: zai fito da tauna, ba zai yi ƙaras ba, domin tana riƙe ruwa. Tana kumfa sosai, tana bukatar tukunya mai zurfi, kuma da yake launinta ja ne tun farko, ido ba zai gaya miki ta ƙone ba, sai gwajin ruwan sanyi. Ki ce mai ita ya fasa ɗaya. Mai kyau cikinta a bushe yake, launin ƙasa-ƙasa mai haske. Wadda ta yi baƙi tana naso, ko tana tashin tsami, ki wuce. Kullum ki narkar da ita da ɗan ruwa ki tace, ba a rasa yashi da ɓawon rake. Kada ki jefa ta cikin ɗanyar madara tana tafasa, ɗan tsamin da ke cikinta yakan tsinka madarar.

Zuma ita ce mafi tsada, kuma ita aka fi sa wa inda ba wurinta ba. Kusan kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari nata ruwa ne, irin sukarin da ya fi yawa a cikinta kuma yana janyo danshi daga iska, yana saurin ƙonewa. Kantun zuma zalla in aka yi shi da damina, kafin kwana biyu ya saki jiki. Wurinta shi ne inda ake tsomawa ko a yaryaɗa, kamar alkaki, ko a haɗa nakiya. In ƙamshinta kike so a kantu, kashi ɗaya zuma, kashi uku sukari, shi ma a lokacin hunturu. Ta fi sukari zaƙi, inda za a sa kofi ɗaya na sukari kashi uku cikin huɗu na kofi ya wadatar. Mu nan zumar Adamawa, ta wajajen Ngaundere da Maiganga, ita ce a kusa. Farar zumar Oku ta arewa maso yammacin Kamaru, wadda ta samu rajistar sunan yankinta a 2013, ta ci ce da cokali, asara ce a ɗora ta a wuta. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yi a tasha ba sa tabbatar da komai, sukarin da aka dafa ya yi kauri ma zai ci jarrabawar. Daskarewa kuma ba alamar algus ba ce, zuma ta gaskiya tana daskarewa. Abin gudu shi ne kumfa a sama da warin tsami, alamar ruwa ya yi mata yawa ta fara lalacewa. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Sai madara, inda aka fi cutar mai saye. Garin madara iri biyu ne a kanti. Akwai mai cikakken man shanunsa, wanda ba ya gaza kashi 26 cikin ɗari na mai, za ki ga an rubuta "lait entier" a jiki. Akwai wanda aka cire man shanun aka mayar da man itatuwa, ya fi araha, kuma shi aka fi aunawa daga buhu. Duka biyun suna yin tuwon madara, amma na farkon ya fi santsi da ƙamshi, na biyun yakan bar maiƙo a dasashi in ya huce. In na sayarwa za ki yi, haɗa rabi da rabi ba laifi ba ne. Na awo ki shinshina, ki ɗanɗana: warin tsohon mai ko ƙullutu mai tauri na nufin buhun ya daɗe a buɗe cikin zafin Maris da Afrilu, kuma sukari ba ya rufe wannan warin. Awon tuwon madara da ke zama: kofi 1 na sukari, rabin kofin ruwa, a dafa zuwa dunƙule mai laushi, a sauke, a zuba garin madara kofi 2 da rabi zuwa 3 kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a juye a faranti mai ɗan mai, a yanka da ɗuminsa. In ya ƙi daskarewa sukarin bai nuna ba, in ya farfashe ya zarce. Gullisuwa kuma kwaɓinta da tauri ake yi, ruwa cokali-cokali, a soya a mai marar zafi sosai, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye.

Madarar gwangwani ki karanta jikinta. "Concentré sucré" ita ce mai kauri, fiye da kashi 40 cikin ɗari nata sukari ne aka ƙara don ta daɗe ba firji. Da ita sai ki rage sukarinki sosai. "Non sucré" ruwa kawai aka rage mata. Ɗanyar madarar shanu daga wajen Fulani ta fi su duka daɗi a alawar madara, amma kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne: lita 1 da sukari giram 200 zuwa 250 za su ci fiye da awa guda kina juyawa, abin da zai rage kuma ɗan kaɗan ne. Ki lissafa gawayin. Ta safiyar ranar za ki saya, wadda ta fara juyawa kindirmo tsinkewa za ta yi.

Gyaɗa, duk yadda ta zama tamu, daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta. Ki zaɓi mai girma ɗaya don ta soyu tare, ki tsince duk wadda ta yamushe ko ta yi kore-kore ko take ɗaci, domin fumfunar gyaɗa tana da guba mai cutar hanta wadda suya ba ta kashewa. Riɗi fari ya fi kyau a ido, ja ya fi ƙamshi amma yana da ɗan ɗaci. Kowanne ki rairaye shi a ruwa, tsakuwa ɗaya ta isa ta kori mai saye, ki shanya ya bushe sarai kafin suya. Na kantu, kofi 2 na soyayyen riɗi ga kofi 1 na sukari, a murza da kwalba mai mai, a yanka kafin ya sandare.

Na ƙamshi, 'yar takardar nan ta banila ki lura da harafi: "vanillé" tana da ɗan banila na gaske, "vanilliné" ƙamshin haɗi ne. Asalin banila Meziko ce, kuma tsadarta na da dalili, hannu ake bi fure-fure a yi masa barbara, dabarar da wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reyuniyon a 1841. A alawar da ta kai digiri 150 bambancin ba ya fitowa, ki sayi mai arahar. Ko wacce ce, bayan an sauke ake zubawa, wuta na korar ƙamshin. A kantu da dakuwa ma ɗan garin citta da kanumfari ƙwaya biyu sun fi ta dacewa.