Wata shida da ƙaramin batirin rauta a gidana

Kusan wata uku na yi ina ɗora wa kamfanin layi laifin katsewar intanet a gidana, domin a rana ɗaya sai rautar, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ta yanke sau biyar ko shida, galibi a daidai lokacin da 'yata take tsakiyar darasi ta Zoom. Na sauya layi, na ɗauke na'urar daga bayan talabijin na kai ta bakin taga saboda rufin kwano yana raunana sigina, sannan na shiga saitinta ta adireshin 192.168.0.1 na tsayar da ita a kan 4G kaɗai don kada ta riƙa komawa 3G. Duk wannan ya ƙara mata sauri, amma katsewar tana nan daram.

Wata rana da magariba ina zaune kusa da ita aka kunna injin jan ruwa, ƙwan ɗaki ya ɗan dushe, sai na ga fitilun rautar sun mutu gaba ɗaya, daga baya suka soma kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Da sigina ce ta ɓace, ai fitilar wuta ba za ta mutu ba. Ashe duk lokacin da ƙarfin lantarki ya yi ƙasa, ko aka koma janareta, na'urar mutuwa take yi ta sake tashi, kuma kafin ta kama layi sai ta ɗauki kusan minti biyu.

Washegari na je kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, na sayi ƙaramin batirin da 'yan kasuwa ke kira mini UPS. Bai fi tafin hannu ba, kuma tsakanin soket da rauta ake jona shi, ta yadda idan wuta ta yi rawa ko aka ɗauke ta, shi ne zai ci gaba da ciyar da na'urar ba tare da ta ji komai ba. Tun daga ranar ban ƙara ganin fitilun nan sun mutu ba, kuma idan ya cika yana riƙe mini rautar kimanin awa huɗu.

Sai dai ba zan ɓoye aibinsa ba. A watan Afrilu, da zafi ya tsananta, jikinsa ya riƙa ɗumi har na cire shi daga kan kafet na ɗora a kan tayil, kuma batirin lithiyam ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Haka kuma ba ya gyara raunin sigina. Idan hadari ya haɗu ko layi ya cunkushe da daddare, intanet ɗin yakan yi nauyi kamar da.

Wanda zai saya ya fara karanta rubutun da ke jikin cajar rautarsa, domin tawa 12V ce, wasu kuwa 9V ne, kuma ba na'ura wutar da ta fi ƙarfinta yana iya ƙona ta. Ya kuma tafi da rautar kasuwa a gwada bakin wayar batirin a gabansa, domin na farko da aka ba ni bai zauna daidai a ramin ba, sai da aka sauya.